A ceto shirye-shiryen dare na Tele Sahel tun kaset-kaset ɗinsu ba su mutu ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani abu da yake neman suɓuce mana ba tare da kowa ya ɗaga murya ba, wato shirye-shiryen da tashar talabijin ta ƙasa, Tele Sahel, take kawo mana da dare a shekarun 1980 da farkon na 1990, da kuma kaset-kaset ɗin da aka naɗe su a ciki. Na san akwai masu karatu da za su ce wannan zancen tsofaffi ne, a daidai lokacin da ƙasa take fama da matsalar tsaro da tsadar hatsi. Ban musa musu ba. Sai dai matsalar tsaro da ta hatsi suna da masu magana a kansu safe da yamma, kaset kuwa ba shi da bakin yin kuka, kuma ranar da ya lalace babu kuɗin da zai dawo da abin da ke cikinsa.

Matasanmu da yawa ba su san cewa talabijin ta ƙofar makaranta ya shigo Nijar ba. A 1964, zamanin Shugaba Diori Hamani, aka fara gwajin koyar da yaran firamare ta akwatin talabijin da taimakon Faransa, a wasu makarantu na Yamai da kewayenta. An kafa hukumar rediyo da talabijin ta ƙasa, ORTN, a 1967, amma sai a 1979, shekara biyar bayan Seyni Kunce ya karɓi mulki, aka buɗe Tele Sahel don jama'a baki ɗaya, sannan aka bi da kafa tashoshin da ke miƙa hoton zuwa jihohi har ya iso mana nan Damagaram. Da farko ba kullum ake watsa shiri ba, wasu ranaku ne a mako, kuma ko a ranakun ma ƴan sa'o'i ne, daga wajen magariba zuwa kafin tsakar dare. Tasha ɗaya ce tak, babu ta biyu da za a juya, saboda haka duk abin da masu tsara shirin suka zuba a wannan ɗan lokaci, shi ƙasa duka za ta kalla, shi kuma za a kwana ana tattaunawa.

Akwatin talabijin a wancan lokaci ba kayan kowane gida ba ne. A cikin gari ana samunsa a gidajen manyan ma'aikatan gwamnati, da na sojoji, da na wasu alhazai ƴan kasuwa na Zango da Birni. Sauran jama'a kuwa hukuma ta tanadar musu akwatunan kallo na kowa da kowa a filayen samariya, wato ƙungiyoyin matasa na unguwanni da ƙauyuka, a ƙauyukan da babu lantarki ma har da faranti mai zuƙar hasken rana da batir. Akwatin samariya yana zaune ne cikin kejin ƙarfe mai kwaɗo, bisa dandamali mai tsayi don na baya su hango, makullin kuwa yana hannun wanda sarkin samari ya amince da shi, kuma a unguwa ba ƙaramin mutum ba ne mai wannan makulli, don in ya yi jinkiri wurin cin tuwo, mutum ɗari suna zaune suna jiransa.

A gidajen da ke da akwatin, da an idar da sallar magariba sai a fito da shi tsakar gida a aza bisa tebur, a yaye ƙyallen da uwargida ta yi wa ado da zare tana rufe shi saboda ƙura, a shimfiɗa tabarmi. Yaran unguwa tuni sun cika zaure, kowa ya wanke ƙafa, domin sharaɗin shiga ke nan, tare da cewa duk wanda ya yi faɗa ko ya cika surutu waje zai koma. Maza manya suna kan kujeru a gefe ɗaya, mata suna ƙofar ɗaki, yara suna gaba har sai an ce su ja da baya kada idonsu ya lalace. Eriya tana can bisa dogon bututun ƙarfe da aka ɗaure a jikin soro, kuma in iskar hunturu ta juya ta, hoto ya koma tsaki-tsaki, sai a tura yaro ya hau ya riƙa murɗa bututun, na ƙasa suna ɗaga murya: "Ƙara kaɗan! Ya wuce! Dawo da shi! Tsaya nan, kada ka motsa!" Sau da yawa a can sama yaron yake ƙare shirin, yana riƙe da bututu, yana jin dariyar mutane bai ga abin da ake yi wa dariyar ba.

Yadda aka jera daren shi ne abin da nake so masu karatu su lura da shi, domin ba a kan gaɓa ɗaya aka gina shi ba. Kafin a buɗe tasha, layuka masu launi ne kawai suke tsaye a fuskar akwatin, amma yara suna zaune suna kallonsu. Abin da ke fara zuwa na yaran ne, zanen barkwanci na ƙasashen waje da ba ya bukatar a ji harshensa. Daga nan sai labaru da harsunan ƙasa, Hausa da Zabarmanci, da kuma Barbarci da Fulatanci da Tamajak da sauransu a nasu lokutan. Ƙarfe takwas da rabi ake karanta manyan labaru da Faransanci, kuma a nan ne ƴan makaranta suke samun girma, domin dattijon da bai je lakwal ba yakan juya ga jikansa ya ce, "Kai, mene ne ya ce?" Yaro ɗan aji biyar ya zama tafinta, abin da ya gane ya faɗa, abin da bai gane ba ya cike da nasa, wani ɗan uwansa ya ƙaryata shi, a yi ta gardama har mai karanta labaru ya wuce zuwa wani batu. Ni da na yi aikin koyarwa zan iya shaida cewa yara da dama sun ƙara ƙwazo a Faransanci saboda gudun kunyar wannan zama.

Tsakanin labaru da abin da kowa ke jira akwai shirye-shiryen wayar da kai, waɗanda a lokacin muke ganin sun tsare mana hanya. Ana nuna yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari ga yaron da zawo ya kama, da amfanin kai jarirai rigakafi, da tace ruwan tafki da ƙyalle saboda kurkunu, cutar da ta daɗe tana kwantar da manoman yankin Mirya daidai lokacin noma. Ana nuna dashen itatuwa, musamman in 3 ga Agusta ta gabato, ranar da ƙasa ta haɗa bikin ƴancin kai da bikin dashen itace, da yadda ake tanadin hatsi a rumbunan ƙungiyoyin manoma bayan farin 1984. Ba na cewa talabijin ne ya kori kurkunu, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da ƙarewarsa a Nijar a 2013, domin wannan aikin ma'aikatan lafiya ne da masu gina rijiyoyi. Abin da na sani shi ne, matar da ta zo kallon wasa ta zauna ta ga yadda ake tace ruwa, ba don ta zaɓa ba, sai don babu hanyar kaiwa ga wasan sai ta cikin wannan shiri. Daren Juma'a kuma malamai suna da nasu fili, da azumi ma ya fi faɗi.

To, sai wasan kwaikwayo, wanda muke kira teyatur, kuma a nan ne Damagaram take da abin faɗa. Ƙungiyar wasa ta gidan rediyon Damagaram, wadda sunan Yazi Dogo ya yi fice a cikinta, tana daga cikin waɗanda suka riƙe wannan fili a ƙasa baki ɗaya, har mutanen Tilaberi da Doso waɗanda Hausa ba harshen gidansu ba ne suna zama su kalla. Ƴan wasan nan ba su yi makarantar fim ba. Yawancinsu malaman makaranta ne da ma'aikatan ofis da ƴan kasuwa, da rana kowa yana wurin aikinsa, da yamma su haɗu su yi gwaji. Ba sa rubuta maganar da kowa zai faɗa kalma bayan kalma. Sukan zauna su daidaita a kan labari da yadda zai tafi fage bayan fage, a raba wa kowa matsayinsa, sannan kowa ya zo da maganarsa daga bakinsa, a yi ta maimaitawa har ta zauna. Shi ya sa Hausar wasannin nan take da rai. Alhajin cikin wasa yana magana irin ta alhazan kasuwar Dole, kishiya tana habaici irin wanda ake ji ta bayan katanga, maroƙi yana zuga irin ta ƙofar fada, mai kallo kuma ba ya jin ana karanta masa takarda.

Abubuwan da suke taɓawa kuwa ba na wasa ba ne: auren dole, da tsadar kayan aure, da rabon gado da yadda ake danne haƙƙin marayu, da bokan da ke cin kuɗin matan da ke neman haihuwa, da ɗan cin rani da ya tafi Kano ko Legas ya bar mata da ƴaƴa babu ko tiya ɗaya ta hatsi, da ma'aikacin da ba ya sa hannu a takarda sai an ba shi na goro. Wannan na ƙarshe yana da ban mamaki in aka tuna cewa mulkin soja ake yi, tashar kuma ta gwamnati ce. Gaskiya ne hukuma tana son a yaƙi cin hanci, kuma ƴan wasan sun san iyakar da ba a tsallakewa, ba a taɓa shugaban ƙasa, ba a taɓa kaki. Amma a cikin wannan iyaka sun faɗi abubuwan da talaka ba ya iya faɗa a gaban mai ofis, kuma sun faɗe su ta hanyar da shi kansa mai ofis ɗin dole ya yi dariya a gaban iyalinsa. Washegari a kasuwa da makaranta da bakin famfo babu zancen da ake yi sai na wasan jiya, kuma mutumin da halinsa ya yi kama da na wani a cikin wasan yakan wayi gari da sabon suna wanda zai bi shi shekara da shekaru. Na ga dattijon da ya fasa tilasta wa ƴarsa aure, ba don wa'azin kowa ba, sai don ya san sunan da unguwa za ta laƙaba masa.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba game da matan da suka shiga wannan wasa. A garin da ake ganin fitowar mace a gaban jama'a abin magana ne, sun jure surutu daga dangi da maƙwabta, suka tsaya suka yi aikin, kuma ba don su ba da ba a iya nuna abin da ke faruwa a cikin ɗaki da tsakar gida ba, inda mafi yawan labaran suke.

Kiɗa da waƙa suna da nasu kaso. Ta wannan akwati ne mutane da yawa suka fara ganin fuskokin da suka daɗe suna jin muryoyinsu a rediyo, irin su Mu'azu Ɗan Alalo na fadar Damagaram, da Ɗan Gurmu na Tawa, da Mamman Gawo na Filinge, da Ali Na Maliki, daga baya kuma Mamman Barka, ɗan yankin Taskar, da gurminsa. Bikin matasa na ƙasa da ake yi a wancan lokaci a watan Afrilu, ana kewayawa da shi jiha bayan jiha, yakan samar da waƙoƙi da raye-raye da wasannin da za a yi watanni ana nunawa, kuma ta nan yaron Birni ya ga rawar Tubawa da ta Gurmawa da ta Buzaye, ya san cewa ƙasar ta wuce inda motar Maraɗi take tsayawa. Gasar kiɗan zamani da aka sa wa sunan Ɗan Gurmu, wadda aka soma a 1987, ita ma ta nan ta shiga gidaje.

Amma babu abin da yake tsayar da gari cak kamar kokowa. An fara gasar kokowa ta ƙasa, wadda ake ba zakaranta takobi, a Tawa a 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauki na farko, kuma tun kafin talabijin rediyo ya riga ya sa sunayen ƴan kokowa a bakin kowa. Abin da hoto ya ƙara shi ne ganin abin da ido: yadda ɗan kokowa yake shigowa fili da layu da guraye, yadda yake durƙusawa ya shafi ƙasa, yadda yake kirari makaɗa suna amsa masa, yadda biyu za su daɗe suna zagaya juna babu wanda ya yarda ya ba da hannu, sannan a cikin ƙiftawar ido ɗaya ya tashi sama ya dawo ƙasa. Salma Ɗan Rani na Doso, da Kadade na Tawa, da namu Langa-Langa wanda filin kokowar garin nan yake ɗauke da sunansa, da Balla Haruna a bayansu, duk a wannan akwati yara suka haddace kamunsu, washegari su je kan yashi su gwada. Tsofaffin mata da ba su taɓa taka filin kokowa ba sun san wanda ya kada wa, kuma ranar da ɗan Damagaram ya yi kaye, guɗa takan tashi daga gida zuwa gida tun mai sharhi bai rufe baki ba.

Kayan waje su ma suna nan, galibi a ƙarshen dare: fina-finan ƴan sandan ciki na Turai, da na kaboyi, daga baya kuma dogayen labaran soyayya na Barazil da Meziko da aka juya zuwa Faransanci. Ba zan tsaya a kansu ba, sai dai in tuna cewa kowane maigida yana da dabararsa in wurin da bai dace ba ya zo: wani ya yi tari ya aiki yara ɗebo ruwa, wani ya miƙe ya tsaya a gaban akwatin yana gyara abin da bai lalace ba. Ƙwallon ƙafa kuwa ta kawo mana dararen da ba a mantawa, kamar lokacin da Aljeriya ta ci Jamus ta Yamma 2 da 1 a 1982, da lokacin da Kamaru ta ci Ajantina 1 da nema a wasan buɗe gasar duniya ta 1990. Mutanen Magarya da Matamai, saboda kusancinsu da iyaka, sukan ɗaga eriya su kamo tashoshin Najeriya, su zo suna ba mu labarin Samanja da Karkuzu, kafin ƴan kasuwa su fara shigo da su a kaset. In an gama duka sai a sa taken ƙasa, tuta tana kaɗawa, a rufe tasha, a kwashi yaran da barci ya sace a kan tabarma a miƙa su gidajensu.

Ba na so a ɗauka cewa ina wanke wancan zamani ne. Rabin labaru yabon gwamnati ne, da rangadin shugaban ƙasa, da buɗe taro da rufe taro, kuma muryar da ta saɓa wa hukuma ba ta samun shiga sai da guguwar da ta kai ga taron ƙasa na 1991, wanda ɗan garin nan, Farfesa André Salifou, ya shugabanta. Mafi yawan sa'o'in da Faransanci ake cika su, alhali mafi yawan masu kallo ba sa jin sa. Kyamara ta fi zama a Yamai, ƙauyuka da yawa kuma ba su taɓa ganin akwatin ba sam. Duk wannan gaskiya ne. Abin da nake karewa shi ne haɗin. Daren talabijin na wancan lokaci kamar akushi ɗaya ne da gida duka ake sa hannu: yaro ya zauna ya ga rabon kakansa, kaka ya ga na jikansa, ɗan boko ya saurari makaɗin fada, manomi ya ji abin da ke faruwa a Chadi da Labanan, kuma da safe dukansu suna da abu guda da za su yi magana a kai.

Abin da ya warware wannan haɗi ba laifin mutum ɗaya ba ne. Na'urar bidiyo ta shigo, fina-finan Hausa na Kano suka fara fitowa a kaset daga 1990, gidajen kallo suka buɗe a unguwanni. Karyewar darajar sefa da rabi a Janairun 1994 ta sa kayan aikin talabijin, waɗanda duka daga waje ake sayo su, suka ninka kuɗi, a lokacin da ma'aikata suke bin gwamnati albashin watanni. Samariya ta watse tare da tsarin da ya kafa ta, akwatunanta suka mutu ɗaya bayan ɗaya babu mai gyara. Daga 2000 tashoshi masu zaman kansu suka fara, da Tenere a gaba, faranti mai kamo tashoshin duniya ya hau kan soraye, daga ƙarshe wayar hannu ta raba kowa da kowa. Yau a gida ɗaya mutum shida suna kallon abu shida. Ba na ƙin wannan yalwa, kuma ina kallon shirye-shiryen Hausa na tashoshin Najeriya irin su Arewa24 ina jin daɗinsu. Sai dai a cikinsu ba na jin Hausar Damagaram, ba na ganin layin jarkoki a bakin famfo da rani, ba na ganin matan yankin Kance da ke ɗaukar ƴaƴansu su nufi Aljeriya bara, alhali a Oktoban 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamada, yawancinsu mata da yara daga wannan yanki. Irin wannan batu ne ƴan teyatur na da suke ɗauka su kai shi har tsakar gida, su sa a yi dariya da farko, a yi shiru daga baya, a kwana ana muhawara.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Duk abin da na lissafa a sama, a kan kaset aka naɗe shi, irin manyan nan na aikin talabijin da ake kira U-matic da Betacam. Zaren kaset ba dutse ba ne. Zafi yana cin sa, ƙura tana cin sa, laima tana sa ya manne da juna, in ya daɗe ba a juya shi ba sai garin da ke ɗauke da hoton ya riƙa zuba, kuma ƙasarmu ta tara zafi da ƙura fiye da yadda masu ƙera shi suka yi tsammani. Ƙari a kan haka, kamfanonin sun daina ƙera na'urorin da ke karanta waɗannan kaset-kaset, masu iya gyara su kuma suna ta yin ritaya, wasu sun riga mu gidan gaskiya. A gidajen talabijin na ƙasashe da yawa, har da masu arziki, an sha goge tsohon shiri a naɗi sabo a kansa saboda tsadar kaset. Ke nan abin da ya tsira zuwa yau ya riga ya yi kaɗan, kuma kowane bazara da ya wuce yana rage shi.

Ina kira ga hukumar rediyo da talabijin ta ƙasa, wadda yanzu ake kira RTN, da ma'aikatun sadarwa da al'adu, su sa a ƙidaya abin da ke ajiye a Yamai da tashoshin jihohi, a rubuta sunan kowane kaset da shekararsa da waɗanda ke cikinsa, sannan a fara juya su zuwa kwamfuta, a fara da waɗanda suka fi tsufa da waɗanda babu kwafinsu a ko'ina. Aikin yana bukatar ɗaki mai sanyi, da na'ura mai lafiya, da mutum biyu ko uku da aka horar, kuma a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya. Ba mu rasa masu sanin wannan aiki ba, domin a Yamai akwai cibiyar binciken IRSH da cibiyar CELHTO ta Tarayyar Afirka, waɗanda suka daɗe suna adana muryoyin mawaƙa da masu ba da tarihi. Jami'ar André Salifou da ke nan garin tana iya sa ɗalibanta su zauna da tsofaffin ƴan wasa su kalli kaset tare, a rubuta wane ne wane, domin hoto ba tare da suna ba rabin amfaninsa ya tafi. UNESCO ta ware 27 ga Oktoba ta kowace shekara don tunawa da adana irin wannan kaya, kuma rana ce da ta dace hukumomin birnin Damagaram da fadar Mai Martaba Sarki su sa a nuna abin da aka ceto a fili, kyauta.

Roƙona na biyu shi ne tashar jiha ta samu dare ɗaya a mako da za ta haɗa shiri irin na da: ɗan abin yara, labarun jiha da Hausa da Barbarci, shirin lafiya ko na noma, makaɗi ɗaya, tsohon wasa daga ajiya, da sabon wasa daga matasan yau. Matasan da ke zaune a fadar hira ta bakin titi suna shan shayi suna ɗaukar barkwanci da waya suna sawa a TikTok ba su rasa baiwa ba, abin da suka rasa shi ne wanda zai zaunar da su ya koya musu gina labari mai tsawo, kuma waɗanda suka iya wannan suna nan da ransu a cikin gari, ko da yake sun ragu. Ƴan kasuwarmu da ke biyan kuɗin talla a tashoshin waje suna iya ɗaukar nauyin irin wannan dare.

Ga masu karatu kuma, duk wanda mahaifinsa ya taɓa naɗar wasa ko kokowa ko waƙa daga talabijin a kaset ɗin bidiyo na gida, kada ya zubar, kada ya bar yara su warware zaren, kada kuma ya gwada shi a tsohuwar na'urar da za ta tauna shi. A ajiye shi a tsaye, a inuwa, nesa da rufin kwano, domin mai yiwuwa ne kwafin da ke cikin adakar wani gida a Garin Malam ko Sabon Gari shi kaɗai ya rage. Kai kuma, Edita, ina roƙon ka tura wakilinka na nan ya nemi tsofaffin ƴan wasa, maza da mata, da masu ɗaukar hoto da masu haɗa sauti na wancan lokaci, ya yi hira da su ɗaya bayan ɗaya, a buga a wannan shafi tare da hotunansu.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naka,
Wani tsohon malamin makaranta,
Unguwar Birni, Damagaram.